Tsohuwar Firamarenmu Da Rijistar Baba Hedimasta



Gardama ce ta haifi wannan rubutu. Kwanakin baya mun haɗu wajen ta'aziyyar wani ɗan ajinmu a nan Bwari, Allah Ya jiƙansa. Bayan an yi addu'a an shafa, sai hira ta gangaro kan tsohuwar firamarenmu. Mu bakwai ne a kan tabarmar, duk mun haura shekara hamsin, duk a ɗaki ɗaya muka koyi baƙi da wasalin boko, amma muka kasa daidaitawa a kan inda bishiyar mangwaron makarantar take. Wani ya ce daidai inda mai cajin waya yake kafa tebur yanzu. Wani ya rantse tana bayan katangar nan mai fenti. Da gardama ta ƙi ƙarewa sai muka tashi muka taka zuwa wurin. Ba mangwaro, ba aji, ba ko ɓarin tubali. Muka tsaya cirko-cirko kamar baƙi, har wani yaro mai sayar da ruwan leda ya tambaye mu ko wani muke nema.

Daga nan muka ɗauri aniyar bin waɗanda suka rage a cikinmu, maza da mata, mu ji abin da kowa ya riƙe. Ga abin da muka tattara. Sunan Hedimasta ba za mu kira ba, domin a gabansa ba mu taɓa kira ba, iyayenmu ma Malam Babba suke ce masa. Wanda ya zauna a ajinsa ya san wa ake nufi.

Yaran yanzu da suka buɗe ido suka ga Makarantar Horon Lauyoyi da hedikwatar JAMB a garinsu, da wuya su yarda cewa boko baƙon abu ne a wannan yanki ba da daɗewa ba. Bwari gunduma ce a ƙarƙashin masarautar Abuja ta da, wadda yau ake kira Suleja, garin da Abu Ja, ƙanen Sarkin Zazzau Makau, ya kafa a 1828 bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya. Masu ƙasa a nan Gbagyi ne, waɗanda mu Hausawa muka saba kira Gwari, manoman doya da dawa, sannan ga Hausawa 'yan kasuwa da mahauta da malaman allo, ga Fulani a rugagensu a gindin duwatsu. Abuja ta yi sa'ar sarki malami. Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1979, Kwalejin Katsina ya yi, kuma ya koyar a Keffi da Bida kafin ya hau gadon sarauta. Saboda haka cikin garin Abuja an daɗe da sanin alli da allon bango. Amma ƙauye ƙauye ne. Daga 1967 muna cikin Jihar Arewa maso Yamma, takardar da ta shafi makarantarmu sai ta dangana da Sakkwato. Abin da muke da shi kafin shekarar da za mu ambata aji biyu ne na jar ƙasa, waɗanda iyayenmu suka gina da aikin gayya, yaran ciki kuwa yawancinsu dagaci ne ya karɓo su daga gidajen da ba su da bakin ƙi.

Sai 1976 ta zo mana da takardu biyu.

Ta farko, ranar 3 ga Fabrairu, Janar Murtala Muhammed ya sanar cewa gwamnati ta karɓi shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, za a ɗauke babban birnin ƙasa daga Legas a kawo shi tsakiya. Doka mai lamba 6 ta yanke wajen murabba'in kilomita 8,000 daga ƙasar Neja da Filato da Kwara, Bwari na ciki. Kwana goma bayan haka, ranar 13 ga wata, aka kashe Murtala. Ta biyu ta zo a watan Satumba, lokacin da Janar Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowane yaro, wanda kowa ya sani da UPE. Masu tsara shirin sun yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3 sun cika filayen makarantu. Ba azuzuwa, ba benci, ba malamai. Aka riƙa ɗiban duk wanda ya iya karatu a ba shi ɗan horo a miƙa masa alli.

Wato a shekara ɗaya gwamnati ta gina mana sabon bulo mai aji uku da rufin kwano, kuma ta sa hannu a takardar da ta ce ƙasar da aka gina shi a kai ba tamu ba ce. A lokacin ba wanda ya haɗa waɗannan biyun a ransa. Sai yanzu da furfura ta fito muke gani.

Hedimasta mutumin tsohuwar Abuja ne, mai takardar Giredi Tu, wadda a wancan zamani ta fi digirin yanzu kwarjini. Siriri ne, ba ya son hayaniya. Kowa ya tuna kekensa Raleigh da yake gogewa kullum da safe kamar za a kai shi kasuwa, da biro biyu a aljihun gaba, shuɗi da ja. Yana jin Gbagyi kamar ɗan gida, kuma wannan ne ya buɗe masa ƙofofin da takardar gwamnati ba ta buɗe ba. A kan launin keken ma mun yi gardama, sai wata 'yar ajinmu ta raba mu, ta ce baƙi ne, domin ita aka fi sawa ta goge shi.

Ranar ɗaukar yara ita ce ranar da ta fi zama a zukatanmu. An fito da tebur ƙarƙashin mangwaro, ya buɗe wani babban littafi mai baƙin bango, wato rijista. Yaro zai zo, a ce ya ɗora hannun dama bisa kai ya kamo kunnen hagu. In ya kamo, ya isa shiga makaranta. In bai kamo ba, sai baɗi. Akwai iyayen da suka koya wa 'ya'yansu su noƙe kafaɗa don kada hannu ya kai. Akwai wanda aka ɓoye a rumbu yini guda, yana nan da ransa, yanzu shi ne ya fi kowa yi wa jikokinsa faɗa a kan fashin makaranta.

Daga nan sai maganar shekaru. Ba wanda yake da takardar haihuwa. Hedimasta ya tanadi wata 'yar takarda da ya jera manyan abubuwan da kowa ya shaida. Uwa za ta ce tana da cikin yaron aka gama yaƙin Biyafara, sai ya rubuta 1970. In ta ce ana tsakiyar yaƙin ne, ya duba tsawon yaron ya zaɓa tsakanin 1968 da 1969. Ƙannenmu da suka biyo baya an auna su da shekarar canjin hannu, wato 1972 da motoci suka koma bin dama, ko shekarar canjin kuɗi, 1973, da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Wata da rana kuwa, in ba a ce da azumi ko da kaka ba, sai ya sa 1 ga Janairu ya wuce. A cikin mu bakwai da muka zauna wajen ta'aziyyar nan, huɗu ranar haihuwarsu ɗaya ce. Wannan kwanan wata da ya fito daga bakin biron Hedimasta shi ne yau a katin ɗan ƙasa, shi ne a fasfo, shi ne a banki, shi ne kuma ya yanke ranar da wasunmu suka bar aikin gwamnati. Wani ya ce Hedimasta ya ci masa shekara biyu na aiki. Wani ya ce shi kuwa ƙara masa uku aka yi, bai taɓa kai ƙara ba.

Sunayen ma haka. A gida kowa da sunan yanka da sunan da kaka ta laƙaba masa, ba a san wani suna na biyu ba. Da aka samu masu suna ɗaya har uku a aji, sai ya haɗa wa kowa da sunan uba, wani da sunan unguwarsu, wani da sana'ar gidansu. 'Yan uwanmu Gbagyi wasu sun ce ya rubuta nasu da kunnen Bahaushe, ya sauya musu harafi ɗaya ko biyu, kuma haka suka tafi da shi har 'ya'yansu suka gada. Zuri'a guda tana amsa sunan da aka ƙirƙira cikin minti ɗaya a gindin mangwaro.

Sauran rayuwar makaranta irin ta ko'ina ce a lokacin. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen tayar babbar mota ne da aka rataye a reshe. Muna zuwa da tsintsiya da ɗan itacen girki na malamai. A shekararmu ta farko aka fara karanta alkawarin yi wa ƙasa biyayya kowace safiya, muna haddace Turancin ba mu san me yake cewa ba. A 1978 aka canja taken ƙasa, muka sha wahalar koyon sabo, ga shi a 2024 an komo da tsohon, wasunmu suka tarar bakinsu bai manta ba. Shirin noma na Obasanjo, wanda ake kira OFN, ya ba Hedimasta hujjar buɗe gonar makaranta, kuma a nan 'ya'yan Gbagyi suka rama abin da muke yi musu a darasin Hausa, domin kafin mu tayar da kunya ɗaya ta doya sun tayar da biyar. Ranar Juma'a kafin a tashi yakan karanta mana Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, ya tsaya daidai inda labari ya yi daɗi, ya rufe littafin ya ce sai mako mai zuwa. Da wannan dabara ya rage fashin ranar Juma'a.

Maganar bulala ce ba mu daidaita ba, kuma ba za mu yi kamar mun daidaita ba. Yawancin maza suna ba da labarinta suna dariya, suna cewa ita ta gyara su. Amma akwai wanda ya gaya mana cewa daga aji huɗu ya gudu bai sake komowa ba, saboda dukan da ya sha a kan lissafin da ba a taɓa fahimtar da shi ba, kuma har yau in zai sa hannu a takarda sai gabansa ya faɗi. Ya ce ya yafe, amma kada mu rubuta cewa kowa ya ji daɗi. To, ga shi mun rubuta yadda ya ce. Matan kuma abin da suka riƙe daban ne. Sun tuna yadda yake zuwa zaure da yamma ya zauna da uba, ya yi ta lallashi a bar yarinya ta ƙarasa aji shida kafin a ɗaura mata aure. Sau da yawa bai yi nasara ba. Wadda ta raba mana gardamar keke tana cikin waɗanda ya ci nasara a kansu, ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Ta ce sau uku ya zo gidansu, a na ukun babanta ya ce ya gaji da dafa masa shayi, a bar ta ta je.

Aikin da ya fi kowanne nauyi a wuyansa ba na cikin aji ba ne. Tun da aka yi dokar babban birni, takardu suka fara sauka a garuruwanmu, kuma duk da Turanci. Shirin farko shi ne a kwashe kowa da kowa daga cikin yankin a kai su jihohin maƙwabta. Da masana daga Jami'ar Ibadan ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje suka zagaya suka yi bincike, sai aka tarar mutanen da ke ciki sun fi yadda aka zata nesa ba kusa ba, kuɗin diyya ya fi ƙarfin aljihu. A 1978 gwamnati ta sauya shawara, ta ce sai waɗanda aikin gina birni ya taɓa kai tsaye za a tasa. Tsakanin wannan magana da waccan, mutane suka zauna da zullumi shekara da shekaru. Mai son dasa itace ya fasa, mai son sa kwano a ɗakinsa ya dakata, tunda ba a san ko gobe za a ce a tashi ba. In an ga safiyo da sandunan awo sun kafa fegi a gona, ba wurin dagaci ake fara zuwa ba, wurin Hedimasta ake zuwa. Bayan la'asar tebur ɗin nan yakan sake fitowa gindin mangwaro. Ya karanta takarda, ya fassara da Hausa, ya sake fassarawa da Gbagyi. Ya rubuta wa mutum takardar koke. Ya tura mu manyan 'yan aji mu taya tsoho ƙirga itatuwan ɗorawa da kaɗanya da mangwaron gonarsa, don kada a rubuta masa ƙasa da abin da yake da shi. Kullum gargaɗinsa ɗaya ne, cewa kowa ya riƙe suna ɗaya da rubutu ɗaya a duk takardar da zai sa hannu, domin harafi ɗaya kan raba mutum da haƙƙinsa. Kwabo bai taɓa karɓa ba. Doya dai ana kai masa, wannan kam ba ya mayarwa.

Da aka zo gina madatsar ruwan Usuma a shekarun 1980, wadda har yau ita ke shayar da Abuja, aka tashi ƙauyukan da ke cikin kwarin. Ƙannenmu da ke makarantar a lokacin sun ce sai a wayi gari benci guda ba kowa. Hedimasta ba ya goge suna. Yakan ɗauko jan biro ya ja layi a ƙarƙashi, ya rubuta ranar da yaro ya tafi da garin da aka kai iyayensa. A shafukan da ke biye kuma sai sababbin sunaye suka fara shigowa, na 'ya'yan leburori da direbobi da magina daga ko'ina a Najeriya, Tibi da Idoma da Ibo da Yarbawa. Wanda ya bi rijistar nan shafi bayan shafi zai ga yadda aka gina Abuja ba tare da ya leƙa ofishin kowa ba.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Ranar 12 ga Disamba 1991 Janar Babangida ya tare a Abuja. A 1996 Bwari ta samu ƙaramar hukumarta. A 1997 Makarantar Horon Lauyoyi ta dawo nan daga Legas. A watan Agusta na 2000 Shugaban Amurka Bill Clinton ya zo har Ushafa. Kubwa da Dutse suka cika suka batse, filin da da ake ba mutum kyauta don ya zo ya yi maƙwabtaka ya koma abin da ake kai ƙara kotu a kansa. Kafin nan Hedimasta ya yi ritaya ya koma garinsu. Ya rasu ba da wata dukiya ba, kuma kaɗan ne a cikinmu suka samu labari a kan lokaci. Allah Ya gafarta masa, Ya sa aljanna ce makomarsa.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa makarantar ta tafi ne a babban rusau na tsakanin 2003 da 2007, lokacin da katafila ta zama abin tsoro a duk faɗin Abuja. Ba haka ba ne. Ta tsallake wannan. Abin da ya ci ta ya fi haka sanyi. Iskar farkon damina ta yaye kwanon aji biyu, ba a gyara ba. Aka mayar da yara wani sabon gini a wani wuri, wanda dama ya fi kusa da inda jama'a suka koma. Tsohon ya zama wurin kwanan awaki da maɓoyar 'yan shaye-shaye, har maƙwabta da kansu suka fara roƙon a kawar da shi. Wata safiya katafila ta zo, kafin azahar an gama. Mangwaron aka sare daga baya. Mun yi ta neman wanda za mu ɗora wa laifi a zaman da muka yi, sai wani dattijo a cikinmu ya tambaya, shekarun da ginin ya yi ba rufi, wa ya kawo ko fallen kwano ɗaya? A cikinmu akwai ɗan kwangila, akwai wanda ya yi kansila, akwai manyan ma'aikata. Kowa ya sunkuyar da kai. Ko hoton ginin ba mu samu wanda ya ɗauka ba.

Rijistar ce ta hana mu barci. Ba don marmarin yarinta kawai ba. Akwai waɗanda satifiket ɗinsu na firamare ya ɓace ko ya ƙone, ana tambayarsu shi wajen tantance 'yan fansho. Akwai 'ya'yan waɗanda aka tasa daga kwarin Usuma da ke son shaidar inda iyayensu suka fito. Sannan duk wanda yake garin nan a Kirsimetin 2017, lokacin da rikici ya tashi aka ƙona kasuwa aka sa dokar hana fita, ya ji yadda ake ta tambayar wane ne ɗan gari, wane ne baƙo. Ba mu ce littafin makaranta zai raba wannan gardama ba, ta fi ƙarfinsa. Amma a shafin 1976 sunan ɗan Gbagyi da na ɗan Bahaushe da na ɗan Fulani suna jere ne bisa yadda suka zo layi, da rubutun hannu ɗaya, kuma muna son jikokinmu su ga wannan shafin da idonsu.

Mun tambaya a sabuwar makarantar, aka ce littattafan da suke hannunsu ba su kai can baya ba. Sai wata tsohuwar malama ta ba mu shawara mu je gidan marigayin. Mu uku muka je Suleja. Iyalinsa suka karɓe mu hannu bibbiyu, babban ɗansa ya shiga ɗaki ya jawo wani akwatin ƙarfe da ba a buɗe ba tun rasuwar. Sai da aka fasa kwaɗon. A ciki akwai takardarsa ta Giredi Tu, da 'yar takardar nan ta lissafin shekaru, da kwafin wasu takardun koke da ya rubuta wa mutane, da rijista ɗaya. Ashe da ta cika aka buɗe sabuwa, sai ya tafi da tsohuwar gida don ya ga ɗakin ajiyar makaranta yana yoyo. Gara ta ci bangon baya da shafuka masu yawa na ƙarshe, ta kuma ci gefen ƙasa na sauran, saboda haka sunaye biyu ko uku na ƙarshen kowane shafi sun tafi. Na farkon suna nan, ana karanta su sarai. Ɗaya daga cikin mu ukun ya nemi sunansa bai gani ba, domin a ranar ɗaukar yara shi ne ya noƙe a ƙarshen layi.

Iyalin sun ce littafin zai zauna a wurinsu, kuma muna ganin sun fi mu cancanta da shi. Sun yarda mun ɗauki hoton kowane shafi da waya. Muna kan kwafe sunayen cikin kwamfuta, amma ba za mu sa su a wannan shafi ba sai da izinin masu su ko iyalansu. Abin da muke roƙo shi ne, duk wanda ya yi wannan makaranta, ko mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ya duba ƙasan akwati. Katin sakamakon jarrabawa, satifiket, hoton fareti, ko da rabi ne, ya zo da shi taron ƙungiya na wata mai zuwa, za a ɗauki hoto a mayar masa da abinsa nan take. Waɗanda suka san su wa ke ƙarshen layi a ajinsu su taimaka mana da sunayen da gara ta ci. Wanda kuma yake da tabbacin inda mangwaron nan yake, don Allah ya zo ya nuna mana, har yanzu ba mu daidaita ba.